Turancina Ya Zama Abin Dariya a Ofis, a Gida Kuma Abin Gyara

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, shekarata 33, 'ya'yana uku. Shekara biyu ke nan ina aiki a teburin tarbar marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna. Na gama sakandare, har na samu kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC, amma yin magana da shi yana ba ni wahala. Watan jiya wata mata da ta kawo mahaifiyarta ta tambaye ni iyali, na ce mata "I am having three children". Abokiyar aikina ta kwashe da dariya, tun daga ranar kuma duk ta gan ni sai ta maimaita. Bayan nan na tura wa wani mutum saƙo na ce "Did you came for your result?", shi kuma ya nuna wa shugabarmu. Ta kira ni ofis ta ce ta ba ni wata uku in gyara, in ba haka ba za ta mayar da ni ɗakin kati.

A gida ma ban tsira ba. Maigidana ya yi digiri, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Da na yi kuskure nan take zai gyara mini, ko a gaban yara ne ko a gaban baƙi. Kwanan baya abokinsa ya kawo mana ziyara da matarsa wadda ba ta jin Hausa, na ce mata "I am working there since two years". Ya katse ni, ya faɗi daidai, ya ce in maimaita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu babbar 'yata mai shekara tara ita ma ta fara gyara mini. Na daina buɗe baki, ko a waya sai in yi ta inda-inda. Ina tunanin ajiye aikin in zauna a gida. Anti, mai shekaruna za ta iya gyara Turancinta kuwa? Kuma yaya zan yi da maigidana ba tare da mun ɓata ba?

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa albarka a cikin aikinki.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu, inda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kin daina buɗe baki. Macen da ta shekara biyu tana tarbar marasa lafiya da 'yan rakiyarsu tun safe har yamma, tana lallashin mai kuka, tana kwantar da mai fushi, a ce yau tana tsoron muryarta a cikin ɗakinta, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, kuma ba zan ce miki ki share kawai ba. Kunyar da kika ji a gaban baƙin nan ta gaske ce. Amma kafin mu zo kan maigida da abokiyar aiki, ina roƙonki abu guda: kada ki rubuta takardar ajiye aiki a cikin wata ukun nan. Shugabarki ba korarki ta yi ba, wa'adi ta ba ki, kuma abin da take nema bai kai girman da kike ganinsa yanzu ba.

Abin da ya sa na faɗi haka shi ne jimloli ukun da kika kawo. Na zauna na dube su ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki Hausa ce tsantsa, mai kyau, aka ɗora mata kalmomin Turanci. Ɗayar kuma, wato "Did you came", yawan taka-tsantsan ne ya haife ta. Kuskurenki yana da tsari, duk abin da yake da tsari kuwa ana iya bin sawunsa har a kama shi.

Mu fara da maganar yara. A Hausa da "ina da" muke nuna mallaka: ina da yara, tana da mota, muna da magani. Wannan "ina" ita ce dai ta "ina tafiya" da "ina girki", wadda tun firamare aka koya mana cewa ita ce "I am going", "I am cooking". To da bakinki ya zo faɗin "ina da yara uku", sai ya bi hanyar da ya saba. Turanci kuwa yana da wasu aikatau da yake ɗauka a matsayin halin da mutum yake ciki, ba aikin da yake tsakiyar yi ba, kuma ba kasafai suke karɓar "-ing" ba. Manyansu su ne "have" idan mallaka ake nufi, da "know", "want", "need", "like", "understand", "believe". Sai a ce "I have three children", "I need your card", "she wants to see the doctor". Ki lura, yawancin waɗannan da "ina" muke faɗarsu a Hausa: ina so, ina bukata, ina da. Shi ya sa tarkon nan yake kama mu da yawa, har da masu manyan takardu. Dalilin dariyar abokiyar aikinki kuma shi ne, a Turanci mai cewa "I am having a baby" juna biyu gare ta ko tana gab da haihuwa, don haka jimlarki ta fito kamar 'yan uku kike shirin haifa. Sai dai kada ki tsorata da kalmar gaba ɗaya. "The doctor is having lunch" da "they are having a meeting" duk daidai ne, domin a nan cin abinci da zaman taro ake nufi, aiki ne ake cikin yi. Gwajin da za ki riƙe mai sauƙi ne: in dai abin da ke ranki da Hausa "ina da" ne, to "I have" kawai ya isa.

Wannan "ina" ɗin tana da wani wurin da take yi mana shigo-shigo ba zurfi, wato abin da aka saba yi. Muna da "yakan zo", amma a bakin yau da kullum mun fi cewa "likitan ido yana zuwa kowace Talata". In kika juya shi kai tsaye zai fito "he is coming every Tuesday", Turanci kuma yana so a ce "he comes every Tuesday". Duk abin da ya zama al'ada ko ƙa'idar wuri da wannan sigar ake faɗarsa: "we open at eight", "the lab closes at four". Ƙaramar "s" ɗin nan ta ƙarshen "comes" da "closes" tana zuwa ne idan mutum ɗaya ko abu ɗaya ake magana a kai, ba ni ba kuma ba ke ba. Ita ce ta fi saurin zamewa a baki, kuma a rubutu ita ce ido yake fara gani.

Jimlar da maigida ya katse ki a kanta ma daga gidan nan ta fito. Mu muna cewa "ina aiki a can tun bara", abin da aka fara a baya kuma ake kan yi har yanzu. Turanci ya ware wa irin wannan tsari nasa na daban, "have been" sai aikatau mai "-ing": "I have been working there". Daga nan sai a zaɓi tsakanin kalmomi biyu. "Since" ita ce "tun", kuma lokacin da aka fara take nema: "since Monday", "since nine o'clock", "since 2023". "For" kuwa tsawon lokacin take aunawa: "for two years", "for three days". In kin ji kanki kina ƙirga kwana uku, wata biyar, shekara biyu, "for" ce. In kuma za ki iya ɗora yatsa a kan ranar a kalanda ko a kan awar a agogo, "since" ce. Ina so ki daɗe a kan wannan fiye da sauran, domin rabin maganar teburinki a kansa take tafiya. "She has been waiting since nine." "He has been coughing for a week." "How long have you had this fever?" Dubi ta ƙarshen nan da kyau, "had" aka ce, domin "kina da zazzaɓi" ake nufi, ƙa'idar da muka gani ɗazu ce ta sake dawowa.

Sai "Did you came". Kin san maganar ta riga ta wuce, kin san "came" ce ta abin da ya wuce, sai kika sa alamar sau biyu don gudun kuskure. A nan Hausarki ce za ta cece ki. Dubi waɗannan: ya zo, zai zo, yakan zo, bai zo ba. Kalmar "zo" ba ta motsa ba ko kaɗan, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce take ɗauke da lokacin. Turanci ma haka yake yi a tambaya da korewa: "did he come", "will he come", "does he come", "he did not come". Da zarar "did" ko "does" ko "will" ko "can" ko "should" ta shigo, ita ta ɗauki kayan, shi kuma aikatau ya tsaya tsurarsa. "Did you pay?" "She doesn't know." "Can he walk?" Abin da za ki ƙara kawai shi ne, mu da murya muke tambaya. "Ka biya." da "Ka biya?" kalmominsu ɗaya, tashin murya ne ya raba su. Turancin ofis, musamman a rubuce, yana so wannan mataimakiyar kalmar ta fito gaba: "Do you have a card?" maimakon "You have card?"

Da ni ce zan tura wancan saƙon, abin da zan rubuta shi ne "Have you collected your result?" Dalili kuwa, "ya tafi" ɗinmu guda ɗaya Turanci ya raba shi biyu. "The doctor has gone out" na nufin ya fita kuma har yanzu yana waje, sakamakon fitar ne ya dame mu. "The doctor went out at ten" labari ne na abin da ya faru a wani lokaci da aka ambata. Muddin kin ambaci lokacin da ya riga ya shuɗe, jiya ko makon jiya ko bara, to ki ajiye "have": "I saw him yesterday". In ba ki ambata ba, kuma abin ya shafi yanzu, "I have seen him". Wannan yana bukatar ki haddace sigogi uku na wasu aikatau masu taurin kai, irin su "go, went, gone", "see, saw, seen", "take, took, taken", "give, gave, given", "bring, brought, brought". Kada ki ɗauko dogon jerin da ke bayan littafin makaranta. Guda ashirin da suke fita daga bakinki kullum a asibiti sun ishe ki a wata ukun nan.

Akwai wani kuskuren da ba ki ambata ba, ni kuma shi ya fi ba ni tsoro a wurin da ake harkar kuɗi da magani. In aka tambayi Bahaushe "Ba ka biya ba?" kuma bai biya ba, "e" zai ce, wato haka ne, ban biya ba. A Turanci amsar ba ta bin mai tambaya, tana bin abin da ya faru: "Haven't you paid?" amsar wanda bai biya ba ita ce "No, I haven't", ta wanda ya biya kuma "Yes, I have". Ki yi tunanin ma'aikaciyar jinya ta tambaye ki "Hasn't she taken the injection?" ki ce "yes" kina nufin ba a yi mata ba. Don haka kada ki riƙa tsayawa a "yes" ko "no" kaɗai, ki cika da "she has" ko "she hasn't". Ke kuma in za ki tambayi mara lafiya, ki guji tambayar da ke da korewa a ciki. "Have you paid?" ta fi tsafta, ba mai ruɗewa.

Sannan ladabi. Ina kyautata zaton wannan yana cikin abin da shugabarki take ji a kunnenta ko da ba ta iya faɗa miki shi da suna ba. Mu ladabinmu a gaisuwa yake, da "don Allah", da "Baba" da "Hajiya" da sassauta murya. Bayan an gama gaisawa, "kawo katinka" ba laifi ba ne. Turanci gaisuwarsa gajera ce, sai ya zuba ladabinsa a cikin ginin jimla, ya mayar da umarni tambaya. "Give me your card" a kunnen wanda ya saba da Turanci tsawa ce. "Could I have your card, please?" ita ce daidai da namu "don Allah in ga katinka". Haka "Please have a seat", "Would you mind waiting a little?", "I'm afraid the doctor is not in yet". Mutumin da aka tarba da irin waɗannan da wuya ya tsaya ƙirga "s" ɗin da ta faɗi.

Sauran ƙanana ne, za ki tsince su a hanya. "A" da "the" kina da su a Hausa ba ki sani ba: "wata mata ta zo, matar ta ce" shi ne "a woman came, the woman said". Bambancin kawai shi ne mu muna iya barin suna shi kaɗai, kamar "ni malama ce", Turanci kuwa sai ya ce "I am a teacher". A lokaci, "at" ta awa ce, "on" ta rana, "in" ta wata da shekara: "at ten", "on Monday", "in March". "Ara mini" kuma "lend me" ce, "borrow" ta mai karɓa ce. Ki kuma san kina da jari. Jerin mai aiki, aiki, abin da aka yi wa aiki iri ɗaya ne a harsunan biyu: Ladi ta sayi magani, "Ladi bought medicine". Raba "he" da "she" ma, wanda yake ba masu koyo da yawa wahala saboda harsuna irin su Yarbanci da Ibo ba sa raba namiji da mace a wannan wakilin sunan, ke da "shi" da "ita" kika tashi.

Kin tambaya ko mai shekarunki za ta iya. Gemu ma ba ya hana ilimi, balle shekara 33. Kiredit ɗinki na WAEC ba na banza ba ne, sai dai jarrabawa ce ta takarda; hatta ɓangaren furucinta a rubuce ake amsa shi, don haka mutum zai iya cin ta ba tare da ya taɓa yin hira ta minti biyar da Turanci ba. Ƙa'idojin suna kanki, bakinki ne bai samu atisaye ba. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu, ki kwana uku kina lura da abin da kike faɗa a teburinki. Za ki ga bai wuce jimla talatin ko arba'in ba da suke ta juyawa. Ki rubuta kowace da Hausa a hagu, daidaitaccen Turancinta a dama, ki ba wanda kika amince da shi ya duba sau ɗaya. Daga nan kullum minti goma sha biyar, ki faɗe su da ƙarfi, kina wanke-wanke ko kina shirin fita, ki naɗi muryarki a waya ki saurara. Kowane mako tsari ɗaya tak: wannan makon "I have" da 'yan'uwanta, mako mai zuwa "since" da "for". Wanda ya ce zai gyara duka a lokaci guda shiru yake ƙarewa da shi. Don kunne kuma, sashen koyar da Turanci na BBC yana da shiri kyauta a intanet mai suna 6 Minute English, da rubutaccen abin da aka faɗa. Ki saurari guda ɗaya sau uku ya fi ki saurari goma sau ɗai-ɗai.

Shugabarki tana da gaskiyarta. Saƙon da ya fita da sunan asibiti fuskar asibitin ce, kuma da ta kira ki ofis ita da ke, ba ta tozarta ki a gaban mutane ba, ta yi abin da ya dace. Kada ki jira wata ukun su cika kina fargaba. A makon nan ki rubuta saƙonni biyar ko shida da kika fi turawa, na sakamakon gwaji, na tunatar da ranar ganin likita, na canjin lokaci, na biyan kuɗi, ki kai mata ki ce, "Hajiya, ga waɗanda nake so in riƙa amfani da su, don Allah ki duba mini." In ta amince, kin toshe ƙofar kuskuren rubutu kusan gaba ɗaya, kin kuma nuna mata da gaske kike. Ki roƙe ta ku sake zama bayan wata guda ta faɗa miki abin da ta gani. Manhajojin gyaran rubutu na waya suna taimakawa, amma kada ki taɓa liƙa sunan mara lafiya ko sakamakonsa a cikinsu, amana ce. Kuma cikin ladabi ki tuna mata abin da kike kawowa: tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, wa yake fahimtar ciwonta ya isar wa likita? A Kaduna wannan ba ƙaramin aiki ba ne. In kuma duk da haka aka mayar da ke ɗakin kati, ki karɓa, albashinki yana nan, ki ci gaba da atisaye, ki nemi a sake duba ki bayan wata shida. Hakan ya fi zaman gida da ciwon an kore ki da dariya.

Abokiyar aikinki kuwa, dariyar farko zan iya yi mata uzuri, jimlar ta zo mata a ba-zata. Maimaitawar da take yi kullum ita ce rashin kyautawa. Ki same ta ita kaɗai, ba fushi ba murmushi, ki ce kin gane kuskuren, kin gyara, kuma maimaitawar tana ɓata miki rai, in ta ji wani kuskuren ta faɗa miki a gefe. Mutane da yawa in aka yi musu haka kunya take kama su, wasu ma su koma masu taimako. In ta ci gaba bayan wannan, kina da damar ki faɗa wa shugabarku. Kuma kada kowa ya sa ki ɗauka cewa duk abin da ya fito daga bakin ɗan Nijeriya kuskure ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", wato jibi. Harshe ne da muka daɗe muna murzawa har ya ɗauki ƙamshinmu. Abin da ofis yake nema a wurinki a rubuce shi ne daidaitaccen tsari, shi ke nan.

Yanzu maigida, wanda na san shi ne ainihin nauyin da ke ƙirjinki. Ban ji ta bakinsa ba, don haka ba zan yanke masa hukuncin mai son wulaƙanta ki ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka iya Turanci a ƙasar nan da bulala da dariyar 'yan aji suka koye shi, a makarantun da ake hukunta yaro in an ji shi yana Hausa. Mutumin da aka gyara da tsawa a gaban jama'a sau da yawa ita kaɗai ce hanyar gyara da ya sani. Mai yiwuwa ma a ransa gani yake gata yake yi miki, yana kare ki daga dariyar waje. Duk da haka abin da ya yi a gaban baƙin nan bai dace ba. Jimlarsa daidai ce, wurin ne ba daidai ba. Mutuncin mace a gaban baƙi da 'ya'yanta ya fi "since" da "for" tsada, kuma ga shaida nan a gidanku: yarinya ta ga abin da babanta yake yi ta ɗauka.

Kada ki tayar da maganar a lokacin da ya gyara miki, ranki a ɓace, shi kuma zai kare kansa. Ki bari sai dare, yara sun yi barci, ya ci abinci ya huta. Ki fara da abin da yake gaskiya kuma zai ji daɗinsa: kina so ki gyara Turancinki, an ba ki wa'adi a wajen aiki, kuma ba ki da malamin da ya fi shi kusa. Sannan ki faɗi ɗayan gaskiyar ba kwana-kwana: "Abban yara, ranar da ka ce in maimaita a gaban baƙi na ji kunya ƙwarai, tun daga ranar nake tsoron magana. In na yi kuskure a gaban mutane ka riƙe mini, in mun keɓe ka faɗa mini." Ki ba shi aiki a hannu: shi zai duba littafin jimlolin nan, kuma sau uku a mako ku yi hira ta minti goma da Turanci, ku biyu, kuskure biyu kawai zai ɗauko a kowane zama. In kin ga koyarwarsa tana zuwa da faɗa, kada ki dage. Ba kowane miji ne yake iya zama malamin matarsa ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Ki nemi wata malamar Turanci a unguwa ko makarantar yaranku ku yi yarjejeniyar awa ɗaya ranar Asabar, shi kuma abin da kike nema a wurinsa ya tsaya a kan ya daina gyaran bainar jama'a. Zai iya mantawa sau ɗaya ko biyu, al'ada ce, ki tuna masa a keɓe. Amma in kin faɗa masa sarai har sau biyu ko uku, ya ci gaba, ko ya mayar da kukanki abin wasa, to maganar ta tashi daga nahawu ta koma ta girmamawa, kuma a nan ba laifi ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, yayarsa ko kawunsa, ya yi masa magana cikin sirri.

Ita kuwa 'yarki, kada ki tsawata mata kamar ta yi rashin kunya da gangan, kwaikwayo take yi. Ki zaunar da ita ki ce mata kin ji daɗin yadda take ƙoƙari a makaranta, amma ba a gyara wa babba magana a gaban mutane, ko uwa ce ko malami ko maƙwabciya. In ta ji wani abu ta zo ta raɗa miki. Zai fi kyau babanta ya faɗa mata haka da bakinsa, kina wurin. Kuma don Allah kada tsoron nan ya sa ki mayar da gidanki na Turanci zalla, ko ki ji Hausarki ta zama abin ɓoyewa. Ki ci gaba da yi musu tatsuniya da faɗa da addu'a da harshen da kika fi ƙarfi a cikinsa. Da daddare in ta ɗauko littafin karatunta na Turanci, ki ce ta karanta shafi ɗaya da ƙarfi ke ki karanta na gaba, sannan ki tambaye ta ta faɗa miki labarin da Hausa. A nan za ta tarar da kalmomin da ita ce za ta tambaye ki.

Ki rubuto mini bayan zamanku na wata guda da shugabar, ki haɗo da jimloli biyar daga littafin naki da suka fi ba ki wahala, mu dube su tare.